Masarautar Adamawa: Inda Ikon Lamiɗo Ya Tsaya Da Inda Kasuwa Ta Kai

YOLA: A watan Disamba na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Adamawa, Alhaji Ahmadu Umaru Fintiri, ya ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin masarautu guda bakwai a jihar, bayan da Majalisar Dokoki ta zartar da dokar da ta ba shi ikon yin haka. Daga cikin yankunan da suka sami sarakunan kansu akwai Fufore da Hong da Gombi, waɗanda a da duk suna ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ne. Abin da ya fi jan hankalin masu bin tarihi shi ne, garin Gurin, inda Modibbo Adama ya fara kafa cibiyarsa, yana cikin ƙasar Fufore, wato ke nan tushen masarautar ya koma wajen iyakarta.

Mai karatu zai iya tambaya ko mene ne ruwan ɗan kasuwa da wannan al'amari na fada. Amsar ita ce, duk mai niyyar zuba jari a Yola da kewayenta, ko a shanu ko a shinkafa ko a fili, dole ne ya san wanda ke da iko a takarda, da wanda ake jin maganarsa, da kuma harshen da ake ƙulla ciniki da shi, domin a wannan yanki ba a hannu ɗaya waɗannan abubuwa uku suke ba.

A shekarar 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, aka ba shi kula da ƙasar da Fulani ke kira Fombina, ma'ana Kudu. Bayan ya zauna a Gurin da Ribadu, sai ya kafa Yola a 1841, ya kuma rasu a 1847. Ƙasar da ya bari ta fi ta kowane sarki a daular Sakkwato faɗi, ta haɗa da Garwa da Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo. Sarakunan waɗannan garuruwa sukan aiko da gaisuwa Yola, kuma babu amfanin ɓoye gaskiya, akasarin gaisuwar bayi ce, sai hauren giwa da shanu. Fataken Hausawa da Barebari su ne suka riƙe cinikin hauren, kuma tun a wancan zamani Hausa ta sami gindin zama a kasuwannin ƙasar.

Daga nan sai yanka ya fara. A 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a taswira ba tare da sanin Lamiɗo Zubairu ba, suka bar Yola a ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa a ɓangaren Jamus. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola da yaƙi, Zubairu ya fita, aka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu a kan ɗan abin da ya rage. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta dawo wa Nijeriya da wani yanki na tsohuwar Kamaru ta Arewa, amma aka mai da shi Lardin Sardauna, ba a mayar wa Yola ba. Saboda haka abin da ya faru a 2024 ba shi ne na fari ba, sai dai wannan karon daga cikin gida wuƙar ta fito.

Garuruwa biyu, aiki biyu

Baƙo yakan ɗauka Yola gari ɗaya ne, alhali kuwa biyu ne, tsakaninsu 'yan kilomitoci. Tsohuwar Yola, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu, nan fadar Lamiɗo take da gidajen manyan fada. Jimeta kuwa, hedikwatar Yola ta Arewa, tana bakin kogin Binuwai, kuma kogin ne ya raya ta. Kamfanin Royal Niger ya fara ciniki ne daga cikin wani jirgin ruwa da ya girke a kan kogin, daga baya kamfanonin UAC da John Holt suka gina kantuna da ɗakunan ajiya. Da damina, in ruwa ya cika, jiragen ruwa sukan hauro daga Kudu da gishiri da yadi da kananzir, su wuce har Garwa, su komo da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Wannan zirga-zirga ta fara mutuwa tun lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yashi kuma ya cike hanyar. Tun da yake layin dogo bai taɓa isowa Adamawa ba, komai ya koma kan mota, ta hanyar Numan zuwa Gombe ko Jalingo, ko ta Song da Gombi zuwa Mubi. Kuɗin mota shi ne babban abin da ke tsadar da kaya a Jimeta, shi ne kuma ke rage wa manomi riba.

Da aka kafa Jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola hedikwata, Jimeta ce ta kwashi gidan gwamnati da sakatariya da bankuna da filin jirgin sama, haka kuma ta ci gaba bayan an raba jihar zuwa Adamawa da Taraba a watan Agusta na 1991.

Ta fuskar iko kuwa, a zamanin En'e hakiman Lamiɗo ne ke tara haraji da jangali su kai baitulmali, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna ƙarƙashinsa. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, Tsarin Mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna wani aiki ba ko kaɗan, kasuwanni da tashoshin mota da mahauta duk ya ba ƙananan hukumomi. Marigayi Lamiɗo Aliyu Musdafa, wanda ya yi sarauta daga 1953 har zuwa 2010, da idonsa ya ga an zare waɗannan ikoki ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa, Lamiɗo na goma sha biyu, ya gaji gadon ne ba tare da su ba.

Amma duk da haka, mai sayen fili a bayan gari ba ya sakin kuɗinsa sai jauro, wato mai unguwa, ya shaida cewa filin na mai sayarwa ne, ko da yake takardar mallaka daga ma'aikatar filaye za ta fito. In shanu suka yi ɓarna a gona, wajen arɗo da hakimi ake fara zuwa, domin shari'ar kotu tana iya kai wa wata damina ba a gama ba. A ganinmu nan ne ainihin amfanin masarauta ga tattalin arziki yake a yau: tana rage wa mutane kuɗin rigima, kuma babu wani kasafin kuɗi da ke lissafa wannan.

Misali daga Beljiyam

Kowane dillalin mota a Jimeta ya san kalmar Beljiyam, domin haka ake kiran tsohuwar motar da aka shigo da ita daga Turai, saboda da yawansu daga tashar jiragen ruwa ta Antwaf ake loda su. Ƙasar da ke da wannan suna faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 30,500 da ɗan wani abu ba, wato Jihar Adamawa ta fi ta girma. Harsunan hukuma uku gare ta, na Holan da Faransanci da Jamusanci, tana kuma da sarki wanda ba ya zartar da komai sai da sa hannun minista. Lokacin da 'yan siyasar ɓangarorin harsunan suka kasa kafa gwamnati har kwana 541 tsakanin 2010 da 2011, Sarki Albert na Biyu ne ya riƙa naɗa masu shiga tsakani har aka daidaita, kasuwa kuwa ba ta tsaya ba. Aikin sulhu ke nan irin wanda fadar Yola ta saba yi. Bambancin shi ne, kujerar sarkin Beljiyam tana cikin tsarin mulkin ƙasar tun 1831, ta Lamiɗo kuwa a kan dokar jiha take, wadda majalisa za ta iya sauyawa cikin 'yan kwanaki.

Harshe jari ne

Adamawa ta fi Beljiyam yawan harsuna nesa ba kusa ba. Ban da Fulatanci, akwai Bata, waɗanda Fulani suka tarar a bakin Binuwai, da Vere na kan duwatsun kudu da Yola, da Camba da Yungur da Kilba da wasu da dama. A fada Fulatanci ake yi, a kasuwar Jimeta Hausa ce ke sayar da kaya, a ofis Turanci, da an tsallaka iyaka kuma takardun kwastan da Faransanci suke. Sai dai a Garwa da Marwa da Ngaundare Fulatanci ne harshen kasuwa, ga Bafulatani da wanda ba Bafulatani ba. Saboda haka ɗan kasuwar Yola mai jin Hausa da Fulatanci yana da abin da takwaransa na Kano ba shi da shi, yana iya ciniki a duk faɗin tsohuwar Fombina ba tafinta. A kasuwannin shanu na Ngurore da Song, dillalin da ke karɓar makiyayi da Fulatanci, ya juya ya yi ciniki da mai saye daga Kudu da Hausa ko Turancin buroka, la'adarsa daga bakinsa take fitowa.

Abin da ke juya alƙiblar wannan ciniki shi ne canjin Naira da Sefa. Lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan Nijeriya suka yi wa mutanen Kamaru tsada, shanunsu kuma suka yi wa 'yan Nijeriya araha. In Naira ce ta faɗi, sai lamarin ya juye, hatsi da kayan masarufi su riƙa ficewa, makiyayin Kamaru kuma ya ƙi kawo dabbarsa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da janye tallafin man fetur a 2023, kowannensu ya taɓa aljihun garuruwan bakin iyaka, musamman masu safarar mai a jarka.

Saura batun ruwa. Madatsar Lagdo, wadda Kamaru ta kammala a 1982 a gaba da Garwa, ita ke riƙe da ruwan Binuwai kafin ya iso Jimeta. Da aka saki ruwanta a 2012 da kuma 2022, gonakin shinkafa da masara na fadamu sun nutse. Madatsar Dasin Hausa, wadda aka tsara domin ta tare wannan ruwa ta kuma ba da damar noman rani, shekaru arba'in ke nan da ɗoriya ana maganarta ba a gina ba. Ita ma a ƙasar Fufore wurin nata yake. Don haka mai neman fadama a wancan yanki, bayan ya nemi takardarsa a Jimeta, fadar sabon Sarkin Fufore zai kai gaisuwa, kuma ya kyautu ya tambayi jauron wurin inda ruwan 2022 ya tsaya kafin ya biya kuɗi.