Zomon da ka gani yana yawo a unguwa ba na daji ba ne: Yadda za ka cece shi

Idan kana zaune a Katako ko Laranto a cikin garin Jos, kana iya wayar gari ka hango zomo fari ko mai dabbare-dabbare ya raɓe a ƙarƙashin mota, ko yana kiwo a bakin kwata. Yara kan bi shi da gudu da jifa, manya kuma su ce ai zomo ne, ya san yadda zai yi da kansa. To, ba haka abin yake ba.

Zomon da Bahaushe ya sani a tatsuniya, mai wayo da gudun tsiya, zomon daji ne. Wanda ake kiwo a gida kuwa jinsinsa daban, asalinsa daga yankin ƙasashen Sifen da Fotugal ne, kuma a hannun mutane ya tashi. Bai san inda zai sami ruwa ba, launin jikinsa ma tona masa asiri yake yi. Tsakanin karnuka da maguna da shaho da Keke Napep, da wuya ya daɗe a waje.

Yadda za ka kama shi

Kada ka bi shi da gudu, kuma ka hana yara. Firgici kaɗai na iya kashe zomo. Ka fi samun sa'a da sassafe ko dab da magariba, lokacin da yake fitowa neman abinci. Ka ajiye ganyen karas a inda yake zama, ka tsuguna ka yi shiru. Idan kun kai mutum biyu ko uku, sai ku kewaye shi a hankali da kwali ko falanki har ku matsa shi lungu, sannan ka lulluɓe shi da tawul ko zane.

Kada ka ɗaga shi ta kunne kamar yadda aka saba. Kunnen cike yake da jijiyoyin jini, ta nan yake rage zafin jikinsa. Ka sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ka manna shi a jikinka. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, idan ya yi harbi da ƙafa yana reto yana iya karyewa ya shanye.

Ka kuma duba cikinta idan zomanya ce. In ka ga nonuwa sun cika, ko ta tsige gashin ƙirjinta, wataƙila tana da 'ya'ya a wani rami kusa. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a rana, ana haifar su ba gashi, idanunsu a rufe har wajen kwana 10. Idan ka tafi da uwar ka bar su, sanyin Jos da yunwa za su kashe su.

Abin da za ka yi da farko

Ka saka shi a kwali mai huji ko kwando, a wuri mai inuwa inda babu hayaniya. Ka ba shi ruwa mai tsabta da harawa. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ce. Kada ka yi masa wanka ko da ya yi datti, ka goge shi da tsumma kawai. Idan kana da zomaye a gida, ka ware shi aƙalla mako biyu, ka riƙa wanke hannu bayan ka taɓa shi.

Dalilin warewar shi ne cutar da ake kira RHD, wadda ke sa zomo zubar jini a cikin jiki ya mutu farat ɗaya, wani lokaci da jini a hanci. An fara gano ta a ƙasar Sin a 1984, kuma a 2020 ta ɓulla a Najeriya, inda ta yi wa masu kiwo ɓarna a jihohi irin su Kwara. Ba ta kama mutum, amma tana bin takalmi da kaya da keji.

Daga nan sai cigiya. Ka sanar da maƙwabta da mai unguwa, ka bar wanda ya zo nema ya faɗi kamanninsa. Idan mai shi ya bayyana, kada ka tsaya yi masa faɗa. Ka tambaye shi ta ina zomon ya fita, domin a mafi yawan lokuta rami ya haƙa, ko ya gwaguye katakon kejin saboda yunwa da matsi.

Gyaran da ya kamata a yi

Keji: Mazauna Katako ba su da uzuri a nan, ga katako ga kafintoci. A ɗaga kejin daga ƙasa saboda ɓeraye da kwarkwasa, a yi shi da faɗin da zomo zai miƙe ya yi tsalle, a sa sakata mai kyau. Idan ƙasan raga ce, a ɗora falanki inda zai huta, don raga na cin tafin ƙafarsa. In za ka shimfiɗa ɓawon katako, ka guji mai laushi kamar gari, yana shaƙe shi. Zomo ya fi jure sanyi a kan zafi, don haka yanayin Jos ya dace da shi, sai dai a kare shi daga feshin ruwan damina da iskar hunturu, kuma kada a bar shi a rana ƙarƙashin kwano.

Abinci: Haƙoran zomo ba sa daina tsawo, tauna ciyawa ce ke rage su. Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su ne tushen abincinsa, dusa da karas ƙari ne. Ganyen da ake kwasowa daga kasuwar Farin Gada a wanke shi saboda maganin feshi, a bari ya sha iska. Kabeji kaɗan-kaɗan, don yana kumbura ciki. Ganyen dankalin Hausa yana da kyau, amma na dankalin Turawa, wanda ya wadata a Filato, guba ne gare shi.

Magani: Kada ka ɗura masa Ampiclox ko Amoxicillin na mutane. Suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci, zawo ya biyo baya, sau da yawa har mutuwa. Idan ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ko ka ga ɓawon ƙazuwa a kunne da hanci, ka kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Mutanen Jos sun yi dace, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana kusa da su.

Haihuwa: Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani da zarar ta haihu. A raba maza da mata tun suna wata uku, in ba haka ba keji ya cika, faɗa da guduwa su fara.

Kafin ka saya wa yaro zomo, ka sani cewa idan ya sami kulawa yana iya kai shekara 8 ko fiye. Yaro zai iya zuba ruwa da share keji, amma duba sakata da dare da lura da lafiyarsa aikin babba ne. Idan kiwon ya fi ƙarfinka, ka ba wanda zai iya ko ka sayar. Sakin sa a bayan gida da sunan ka ba shi 'yanci miƙa shi ne ga karnuka.