Hazon Farkon Kaka da Matafiyi a Hanyar Kebbe

A ƙasashen Turai masu duwatsun Alfas, direbobi kan yi fargabar ƙanƙara ta riske su tun a watan Satumba, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6.5. Mu a nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da baƙon da yakan yi sammako kamarta, wato hazo. Duk wanda ya saba bin hanyar Tambuwal zuwa Kebbe ya san akwai shekarar da gari kan waye fari fat alhali ba a gama yankan dawa ba.

Da farko dai, ya kamata ɗalibi ya san iska biyu ke karɓa-karɓa a samaniyarmu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika, kudu maso yamma, ɗauke da laima, ita ke kawo damina. Ɗayar kuwa busasshiya ce daga Sahara, arewa maso gabas. Iyakar da ke tsakaninsu takan ja da baya zuwa kudu a watan Oktoba. Da zarar ta wuce mu, ƙofa ta buɗe wa iskar hunturu. Sai dai iyakar nan ba ta duba kalanda. Hazo mai kauri ya fi yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma ba kasafai ake ganinsa a Oktoba ba, amma yiwuwarsa tana ƙaruwa mako bayan mako cikin Nuwamba.

To, daga ina ƙurar take? Mafi yawanta daga kwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, kimanin kilomita 1,500 daga Kebbe. Shekaru 7,000 da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne. A cikin ruwansa wasu tsirrai 'yan mitsi-mitsi da ake kira dayatom suka rayu, masu ɓawo mai kama da gilashi. Da tafkin ya ƙafe, sai ɓawonsu ya zama farin gari marar nauyi. Iskar da ke kurɗawa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ita ke ɗebo shi. Ashe farar ƙurar da ke kwanta wa direba a gira, wani sashinta gawar halittun ruwa ce.

Wannan nisa kuwa rahama ce. Idan iska tana tafiyar kilomita 30 a awa, sai ta yi awa 50 kafin ta iso mu, wato sama da kwana biyu. Shi ya sa hukumar NiMet mai kula da yanayi ke iya yin gargaɗi tun da wuri. Manomi ma yana da alamunsa: raɓa ta ɗauke, leɓe ya fara tsagewa, rana ta fito fara kamar faifai.

Haɗarin hazon farko shi ne yakan tarar da mutane ba shiri, kuma a lokacin da hanya ta fi cika. Amalanke na kwasar amfanin gona, shanu na tsallaka titi zuwa gonakin da aka girbe, ga hayaƙin ƙunar daji. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, tun kafin ƙafa ta kai ga birki.

Saboda haka, direba ya auna gudunsa da iyakar ganinsa, ya kunna ƙaramar fitila, domin hasken babba ƙura ke maido masa da shi a ido. Kada ya wuce motar gabansa sai ya ga hanya sarai, kuma ya riƙa kakkaɓe matatar iskar injinsa. Ɗalibai kuwa, ku rubuta ranar da kuka fara ganin hazo a garinku kowace shekara, ku ajiye a makaranta. Bayan shekara goma, ku da kanku za ku iya faɗa wa direbobin tasha makon da ya kamata su fara hattara.