Yadda Aka Ƙidaya Mutanen Ailan Da Murhu

Duk wanda ya tashi a Arewa zamanin haraji ya san yadda wani maigida kan ɓoye balagaggen ɗansa in mai rubutu ya shigo gari. To, irin wannan ɓoyo ya daɗe yana wahalar da masu binciken tarihin Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila.

Ba a kammala ƙidayar jama'a a Ailan ba sai cikin 1821, inda aka sami mutum miliyan 6.8. Mai son sanin yawansu kafin nan, sai ya koma ga littattafan haraji. Tun 1662 Turawan Ingila suka aza harajin murhu, watau sule biyu kowace shekara a kan kowane murhun da ke cikin gida. Dabarar masana ita ce su ɗauki yawan gidajen da aka rubuta, su ninka shi da yawan mutanen da ake zaton suna kwana a gida guda. William Petty ya ƙiyasta mutum miliyan 1.1 cikin 1672.

Amma fa lissafin yana da rami biyu. Na farko, masu karɓar haraji kan tsallake bukkokin matalauta, wasu kuma su karɓa su ƙi rubutawa. Na biyu, mutum nawa ne a gida? In gidaje 400,000 ne, wanda ya ce biyar zai sami miliyan 2, wanda ya ce shida kuwa miliyan 2.4.

Cikin 1950 K. H. Connell ya ƙara adadin gidajen don cike wannan giɓi, ya ce a 1754 mutanen sun haura miliyan 3. A 1982 sai Dickson da Ó Gráda da Daultrey suka sake bin littattafan, suka ga ƙarin ya yi yawa, suka mai da adadin wajen miliyan 2 da rabi. In haka ne, jama'a ta ninka sau uku cikin shekara 90, don ƙidayar 1841 ta nuna miliyan 8.2. Shekara huɗu bayan haka ciwon dankali ya faɗo, yunwa ta kashe kamar mutum miliyan 1, wasu kamar haka suka yi ƙaura.

Mu ma nan Nijeriya, yawancin alkaluman ƙidayar 1931 daga littattafan haraji aka tsamo su. Saboda haka in ka ji ana gardama da tsofaffin alkaluma, ka fara tambaya: wa ya rubuta, kuma wa ya ɓuya?