Shirin Musamman: "Change" a Bakin Bature, Canji a Bakinmu

(Kiɗan buɗe shiri, a rage shi a hankali)

Yau kalma ɗaya tak muka ɗauko daga Turanci, kuma na tabbata har tsohuwar da ba ta taɓa leƙa ajin boko ba ta faɗe ta da safen nan a wajen mai ƙosai. Kalmar ita ce "change". Haruffanta shida: C, H, A, N, G, E. Mu kuwa canji muke ce mata.

Bature idan zai faɗe ta cewa yake "cenj", ya datse ta a ƙarshe kamar an banko ƙofa. Harshen Bahaushe ba ya son irin wannan datsewar, sai ya liƙa mata wasali ta zauna daidai. Haka muka yi wa benci da coci da joji da inci. Ita ma kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Daga Faransanci ta shiga Turanci, bayan da mutanen Nomandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066, shi kuma Faransancin ya gaje ta daga "cambiare" ta harshen Latin, wato musanya. Ashe a hannun mai aro muka yi aro.

To, bari in ba ku labarin abin da ya sa na zaɓe ta. Shekaranjiya na shiga motar haya, kuɗin mota naira 250. Tun kafin mu tashi kwandasta ke shela: "Ba ni da canji fa, kowa ya riƙe kuɗinsa daidai!" Na miƙa masa ɗari biyar, wani dattijo da ke gefena shi ma ya miƙa ɗari biyar. Da muka zo sauka sai yaron nan ya danƙa wa dattijon takardar ɗari biyar guda, ya nuna ni, ya ce, "Baba, ku je ku raba," ya buga jikin mota suka wuce. Dattijo ya dube ni ya ce, "To ɗana, an ɗaura mana aure." Na ce, "Baba, sai mu nemi mai raba mu." Muka nufi teburin mai shayi, shi kuma ya ce sai mun yi sayayya. Ƙarshenta dai biredi muka saya.

A cikin wannan ɗan labari, ma'anar "change" biyu suka fito. Ta farko, ragowar kuɗin da mai saye ke bin mai sayarwa. Mai kanti zai miƙo maka ya ce, "Here is your change", ga canjinka. Idan kai mai kyauta ne ka ce masa, "Keep the change", riƙe canjin. Ta biyu, ƙananan kuɗin da ake fasa babba da su, abin da muka je nema wajen mai shayi ke nan. Da Turanci za mu tambaye shi, sai mu ce, "Do you have change for five hundred naira?"

A nan ne ɗalibai ke yawan yin tuntuɓe, don haka a kasa kunne. Idan maganar kuɗi ake, "change" ba ta da jam'i, kuma ba a sa mata "a" a gaba. Kamar ruwa take ko gari, ba a ƙirga ta ɗaya, biyu. Ko da silalla cike da aljihu kake tafe, "some change" za ka ce, ba "changes" ba. Wanda ya ce wa mai kanti a Landan "give me my changes", za a tsaya ana kallonsa. Akwai kuma wata al'ada tamu ta nan Najeriya, ta cewa "balance" a maimakon canji. A Legas ko Kaduna za a gane ka sarai. A Ingila kuwa "balance" abin da ya rage a asusunka na banki ne, ko cikon kuɗin da ake bin ka.

Na ambaci silalla, sai na tuna yaran yanzu da yawa ba su taɓa sayen komai da su ba. Kafin naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973, canjin iyayenmu sule ne da sisi da taro da kwabo. Yau mai kanti minti yake ba ka ko ashana, ya ce a yi haƙuri.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai ma'ana ta uku, wato sauyi. Wannan kam ana ƙirga ta: "a change", sauyi ɗaya, "many changes", sauye-sauye da yawa. "Climate change" da kuke ji a labarai kullum shi ne sauyin yanayi. Matafiyi yakan saka "a change of clothes" a jakarsa, kayan da zai sauya idan ya isa. Idan uwargida ta gaji da tuwo ta ce yau shinkafa za a ci "for a change", tana nufin a ɗan sauya baki. 'Yan siyasa ma suna ƙaunar kalmar nan ƙwarai. Da ita Barack Obama ya yi yaƙin neman zaɓe a Amurka a 2008, da ita jam'iyyar APC ta shiga zaɓen 2015 a Najeriya, har "canji" ya zama abin da yara ke ihu da shi a lungu. Ko an samu ko ba a samu ba, wannan ba aikin shirinmu ba ne.

Saura tarko guda. Mu a Hausa, wanda ke sayar da dala da riyal da sefa a Wapa ta Kano ko a Zone 4 ta Abuja ɗan canji ne, farashin da yake bayarwa kuma farashin canji. Bature yana da wata kalmar daban a nan, ƙanwar ta farko: "exchange". Farashin canji shi ne "exchange rate", kuɗaɗen waje kuma "foreign exchange". Allon da kuke gani an rubuta "bureau de change" kuwa Faransanci ne tsantsa, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram za su shaida.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Kowa ya ƙirƙiro jimla biyu, ɗaya da "change" ta kuɗi, ɗaya da "change" ta sauyi, ya karanta wa wani ɗan makaranta a gida ya ji ko ya dace. Dattijon da muka raba biredi da shi kuma, idan yana saurare, Baba har yanzu ina bin ka naira hamsin. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)