Sandar tuƙin jirgin sama ta kwamfuta: kayan gwanjon da ke sa a maido wa ɗan kasuwa haja mai lafiya

Duk wanda ke harkar kayan lantarki na gwanjo a kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, zuwa Birnin Ƙonni da Illela, har Ɗan Isa da Jibiya, ya san cewa idan aka fasa babban kwali ba abin da mutum ya yi oda kaɗai yake tararwa a ciki ba. Cikin tsofaffin kwamfutoci da wayoyi da lasifikoki, wani lokaci sai a ci karo da wata sanda mai kama da giyar mota, kafe a kan faranti mai nauyi, maɓallai sun cika kanta, wata ma har da ƴar kunama irin ta bindiga. Wani sa'in tana zuwa da abokiyar tafiya, wato wani hannu da ake turawa gaba a jawo baya, ko kuma fedoji biyu na takawa da ƙafa. Yara masu wasan kwamfuta suna kiranta joyistik. Ba kaya ba ne da ke zuwa da yawa, ɗai-ɗai yake faɗowa, amma rigimar da yake haddasawa tsakanin mai saye da mai sayarwa ta fi kuɗinsa.

Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Mai gidan wasan yara, ko wani saurayi mai kwamfuta a ɗaki, ya ga sandar ta burge shi ya saya, ya kai gida ya jona a kafar USB, ya ɗan taɓa ta ya bar ta a nan. Da ya buɗe wasan ƙwallo sai ya ga jerin zaɓin da ke kan allo yana gudu da kansa ba tsayawa, ba ya ko iya zaɓen kulob. A wasan harbi ko na yawo cikin gari kamar GTA, hoton sai ya dinga juyawa kamar hajijiya, ko ɗan mutumin ya kama tafiya gefe guda ba wanda ya taɓa shi. A wani wasan kuma hannun wasan da aka saba amfani da shi sai ya yi shiru ɗungurungum. Daga nan sai zargi ya tashi: ko hannun wasan da aka sayo jiya jabu ne, ko kwamfutar ta kamu da cuta, ko ɗan kasuwa ya san kayansa matacce ne ya rufe ido ya sayar. Mai gyara ya karɓi kuɗi ya wanke kwamfuta tas, a sake zuba wasanni, a sake jona sandar, matsala ta dawo daram. Alhali kuwa a mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace, daga sandar har hannun wasan har kwamfutar.

Asalin kayan

Waɗannan na'urori an ƙera su ne domin wasannin koyon tuƙin jirgin sama, waɗanda ke da masoya da yawa a Turai da Amurka. Wanda ya fi shahara shi ne Microsoft Flight Simulator, da ya fara fitowa a 1982, aka yi ta sabunta shi har fitowar 2020 da ta 2024. Masu wannan sha'awa ba sa wasa da kayan aiki. Akwai sanda irin wadda matuƙan jiragen yaƙi da na Airbus ke riƙewa, akwai mai kama da rabin sitiyari irin na jiragen Boeing, akwai hannun totur na ƙara wa inji wuta, sannan ga fedoji na karkata jelar jirgi da taka birkin tayoyi. Sunayen da za ku fi gani a jikinsu su ne Thrustmaster, Logitech, CH Products, Microsoft SideWinder da kuma Saitek, wanda kamfanin Logitech ya saye a 2016. Lokacin da wasan 2020 ya fito, ana tsakiyar zaman gida na annobar korona, sai da waɗannan sanduna suka yi wuyar samu a shagunan ƙasashen can. Wanda ya sayi sabuwa kuwa tsohuwar yake fitarwa, kuma mun san inda tsofaffin kayan Turai suke ƙarewa.

Inda gizo ke saƙar

Domin a gane matsalar sai a dubi hannun wasa na yau da kullum. Ƴan sandunan nan biyu da ake juyawa da babban yatsa suna da sifirin a ciki, da zarar an sake su sai su koma tsakiya. Kwamfuta ba ta ganin yatsa, lamba take karantawa. A tsarin da Windows ta saba amfani da shi, kowane layin motsi yana ba da lamba daga 0 zuwa 65535, tsakiyarsa wajen 32767. Idan lambar tana tsakiya, wasa ya san ba a taɓa komai ba. Idan ta kai ƙarshe, ya san an danne sandar har iyaka.

To shi hannun totur na jirgi ba shi da sifirin, da gangan aka yi shi haka, domin matuƙi yana son ya saita ƙarfin inji ya ɗauke hannu abin ya tsaya a inda ya bar shi. Kuma kowa idan ya gama yakan jawo shi baya ne gaba ɗaya. Ke nan a wajen kwamfuta wannan layi yana can ƙarshen ma'auni dare da rana. Haka birkin da ke kan fedoji: idan ba a taka ba, ba tsakiya yake nunawa ba, ƙarshe ɗaya yake nunawa. Wasan jirgi ya san da wannan, shi ya sa ba ya ruɗewa. Amma wasan ƙwallo bai san totur ba. Abin da yake gani shi ne wani ya danne sanda gefe guda ya ƙi saki, shi kuwa sai ya yi biyayya. Direbobin manyan motoci za su fi kowa ganewa: tamkar a ɗora dutse ne a kan totur a ce mota ta tsaya cik.

Ko ƙaramar sanda ita kaɗai ba ta tsira ba. Logitech Extreme 3D Pro, wadda tana cikin waɗanda aka fi sayarwa a duniya saboda araha, tana da wani ɗan ƙaramin totur a gindinta wanda mutane da yawa ba sa ma lura da shi. Wannan ɗan abin ya isa ya hana yara buga ƙwallo yini guda.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya fi shafar irin hajar da muke sayarwa a nan. Windows tana da hanyoyi biyu na magana da kayan wasa. Tsohuwar hanya ana kiranta DirectInput, tun shekarun 1990 take. Sabuwar kuma XInput, ta zo ne a 2005 tare da hannun wasan Xbox 360. A sabuwar hanya komai a tsare yake, wasa ya san wannan sandar hagu ce, wannan ta dama, wannan kunama ce, kuma hannu huɗu kawai take ɗauka. A tsohuwar kuwa na'ura tana cewa ne kawai ina da layi kaza da maɓalli kaza, ba ta faɗin aikin kowanne. Sandunan jirgi ta tsohuwar hanya suke bi. Hannayen wasa masu araha da suka cika tebura a kasuwanninmu, irin tagwayen nan masu waya ɗaya, da yawansu su ma ta nan suke bi. Saboda haka wasa ba ya iya bambanta su. Abin da ya ƙara dagula lamarin, layin da hannu mai araha yake amfani da shi wajen sandar dama, wadda ke juya hoto, sau da yawa sunansa ɗaya da layin da totur ke amfani da shi. Nan ne hajijiyar take samo asali.

Shi kuwa hannun da ya yi shiru, dalilinsa layi ne irin na gidan mai. Wasanni da dama na'urar da suka fara tararwa a jerin Windows ita suke ba matsayin ɗan wasa na ɗaya. Idan sandar jirgi ta riga shiga, hannun gaske ya koma na biyu ko a manta da shi. Kada a ɗauka wannan ciwon tsofaffin wasanni ne kawai. Elden Ring, wanda ya fito a 2022 kuma ya ci manyan kyaututtuka, masu shi da yawa sun koka cewa ba ya ganin hannun wasansu sai sun cire sauran na'urorin da ke jone. A ganina laifin na masu rubuta wasannin ne, domin ba wani abu mai wuya ba ne su bar mutum ya zaɓi na'urar da yake so a saurara. Tsofaffin wasannin PES, kafin Konami ya sauya masa suna zuwa eFootball a 2021, suna da wani ɗan shafin saiti na dabam inda ake zaɓar hannun kowane ɗan wasa da hanyar da zai bi, kuma wannan ya rage wa mutane wahala ƙwarai.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Kafin a karɓi kaya a mayar da kuɗi, ko a kai kwamfuta wajen mai gyara, a zare wayar sandar da duk wani abu nata daga kwamfuta, a rufe wasan gaba ɗaya, a sake buɗewa. Rufewar tana da muhimmanci, don wasu wasannin sau ɗaya suke duba na'urori, lokacin tashi. Idan komai ya daidaita, magana ta ƙare. Wanda ke son ya nuna wa mai saye da idonsa, sai ya mayar da sandar, ya tsayar da totur a daidai tsakiya, zai ga juyawar ta ragu ko ta tsaya, ya jawo shi baya ta dawo.

Akwai kuma wani ɗan allo a cikin Windows da ya kamata kowane mai teburin kayan kwamfuta ya sani. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta joy.cpl, a shiga. Zai jero duk kayan wasan da ke jone. A zaɓi sandar a buɗe shafin gwajinta, za a ga ɗan gicciye da wasu layuka suna motsi idan an motsa ta, lambobin maɓallai kuma suna kamawa idan an danna. Nan ake bambanta mai lafiya da mara lafiya. Idan an saki sanda gicciyen ya tsaya a tsakiya, lafiyarta ƙalau. Idan yana rawa shi kaɗai ko ya zame gefe, to ma'aunin cikinta ya cinye ko ƙura ta shiga, irin abin da ke samun maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo idan ya fara ƙarar yashi. Da ƙurar hunturunmu wannan ba abin mamaki ba ne, don haka a riƙa rufe su da leda a kan tebur. Wasu samfura, kamar Thrustmaster T.16000M, da maganaɗisu suke auna motsin sanda, ba abin da ke gogar wani, sun fi jure wannan.

Ga mai gidan wasa da ke son ya riƙe sandar domin yaran da ke sha'awar jirgi, mafi sauƙi shi ne ya ware mata kwamfuta ɗaya. In ba hali, akwai mahaɗar USB mai makunni a kan kowace kafa, a kashe ta sandar idan za a buga ƙwallo, ba sai an yi ta cirewa da jonawa har kafar kwamfuta ta saki ba. Ana kuma iya dakatar da ita daga Device Manager, wanda a kwamfutoci masu Faransanci ake rubuta Gestionnaire de périphériques, sai dai wannan yana son mai ido, don wanda bai sani ba yana iya kashe linzamin kwamfutar ko allon rubutu. Masu intanet suna da wata manhaja ta kyauta mai suna HidHide da ke ɓoye na'ura daga duk wasan da ba a ba izini ba. Sitiyari da fedojin wasan mota, irin waɗanda ake tuƙa tirela da su a Euro Truck Simulator 2, su ma halinsu ɗaya da na jirgi, maganinsu ɗaya.

Abin dubawa kafin a biya dillali

Tun bayan rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya a 2023, kaya da yawa suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso, kuɗin mota ya ƙaru, kuma dama can kayan gwanjo ba a mayar wa wanda ya loda su. Abin da ka saya ya zama naka, don haka a buɗe ido tun a wajen zaɓe.

A fara duba bakin wayar. Idan USB ne, madalla. Idan wani faffaɗan baki ne mai ƙusoshi 15, wannan na zamanin da ne da ake jonawa a katin sauti, kuma Microsoft ta daina kula da irin wannan kafa tun daga Windows Vista. Kwamfutocin yanzu ba su da ramin ma sam. Irin wannan sai a saya da kuɗin tarkace ko a bar shi.

Sai kuma kayan da ke tafiya biyu-biyu. Saitek X52 misali ne: sandar ba ta da wayar USB ta kanta, da wata gajeriyar waya mai zagayen baki take haɗuwa da hannun totur, shi ne yake shiga kwamfuta. Wanda ya tsinci sandar ita kaɗai cikin kwali, ko ya sami biyun babu wayar tsakiya, ado kawai ya saya. Wasu fedojin Thrustmaster kuma bakin wayarsu irin na tarhon tebur ne, sai da ɗan abin da ke mayar da shi USB ko sandar da ta dace da su. A kuma karanta jikin kayan a ga wace na'ura aka yi wa: T.Flight Hotas X yana da makunni na zaɓen kwamfuta ko PlayStation 3, Hotas 4 na PlayStation 4 ne, Hotas One na Xbox, kuma dukkansu suna aiki a kwamfuta. Idan makunnin Hotas X yana ɓangaren da ba daidai ba, maɓallan sai su rikice, mai saye ya ce an cuce shi.

A wajen ciniki kuma a gaya wa mai saye tun kuɗinsa na aljihu cewa wannan ba hannun buga ƙwallo ba ne, na jirgi ne, kuma idan ya gama tashi sama ya zare wayar. Mai teburin da ke da kwamfutar hannu a kusa ya jona masa ya gani a joy.cpl, gicciye a tsakiya, maɓallai suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a ƙirga kuɗi.