Manyan Manhajoji Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Yadda Ake Raba Musu Gida

Gabatarwa

Ɗalibin da ke nazarin ƙwayoyin halitta yakan tsinci kansa cikin tsaka mai wuya. Da yawa daga cikin manhajojin da ake tantance jerin ƙwayoyin gado da su an gina su ne domin Linux, alhali kuwa a Windows yake rubuta kundin digirinsa, ga shi babu halin sayen kwamfuta ta biyu. Mafita ita ce a zaunar da duka biyun a na'ura ɗaya, ya zaɓi wadda yake so duk sa'ad da ya kunna.

Windows da Linux kowace babbar manhaja ce, wato wadda ke sarrafa sassan kwamfuta, sauran manhajoji su yi aiki a ƙarƙashinta. Kamfanin Microsoft ne ya fitar da Windows a 1985. Linux kuwa wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, kuma kyauta ake raba ta. A wannan tsari ba sa aiki tare: idan ɗaya na farke, ɗayar na barci. Saboda haka ba su da damar yin faɗa. Wurin da ake yin asara shi ne wajen raba musu mazauni.

Sassa da zaure

Faifan ajiya na kwamfuta tamkar gida ne mai zaure ɗaya da sassa da dama. Kowace babbar manhaja tana bukatar sashenta, domin kowace da yadda take jera kayanta: Windows tana amfani da tsarin NTFS, Linux kuwa galibi da ext4. Linux tana iya karanta sashen Windows, amma Windows ba ta karanta na Linux sai da taimakon wata manhaja.

Zauren shi ne inda na'ura ke fara dubawa da zarar an kunna ta. A tsohon tsarin BIOS, zauren bayit 512 ne kacal a farkon faifai, kuma manyan sassa huɗu kaɗai yake iya lissafawa. Kwamfutocin yanzu suna amfani da UEFI, inda ake keɓe wani ɗan ƙaramin sashe kowace babbar manhaja ta ajiye mabuɗinta a ciki. A nan ake zaunar da GRUB, wata 'yar manhaja da aka fara rubutawa a 1995, wadda ke tsayawa kamar mai gadi ta tambayi mai na'ura sashen da zai shiga.

Matakan aiki

Da farko, a kwafe duk muhimman takardu zuwa wani faifai na dabam, a kuma buɗe su a can a tabbatar sun kwafu. Rigakafi ya fi magani. Idan an kulle faifan da BitLocker, a rubuta lambar ceto mai alƙaluma 48 a takarda, domin Windows na iya neman ta bayan an taɓa zauren.

Na biyu, Windows ake fara sakawa idan babu ita. Dalili kuwa shi ne ba ta la'akari da maƙwabciya. Idan ta zo daga baya takan sa kanta gaba, zaɓin Linux ya ɓace. Linux ita ce ke neman wadda ta tarar ta saka ta cikin jerin zaɓi.

Na uku, daga cikin Windows a rage girman sashenta domin a samu fili. Ubuntu, wani nau'in Linux da ya fito a 2004, tana bukatar aƙalla gigabayit 25, amma mai tara bayanan bincike ya kamata ya ba ta fiye da haka. A tabbata batir ya cika, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya lalata sashen.

Na huɗu, a ɗora Linux a kan filashi, a tada na'ura daga gare shi. Lalle ne a tada ta a tsarin da aka saka Windows, wato UEFI da UEFI, in ba haka ba GRUB ba za ta ga Windows ba. Daga nan za a ba da zaɓi: ko a zauna kusa da Windows, ko a share faifan baki ɗaya. Zaɓin biyu suna dab da juna, kuma dannawa ɗaya ta kuskure tana iya shafe aikin shekara uku. Sauri ya haifi nawa.

Matsalolin zaman tare

Tun daga Windows 8 a 2012 akwai tsarin tashi da sauri, wanda ba ya barin Windows ta mutu sarai idan an kashe ta. Takan yi wani irin dogon barci, kamar kwaɗon da ya shige ƙasa da rani yana jiran damina. Linux idan ta tarar da sashen a haka takan ƙi rubutu a cikinsa, don kada ta ɓata shi. Maganin shi ne a kashe wannan tsari daga cikin Windows.

Sai kuma agogo. Linux tana saita agogon cikin na'ura bisa GMT, Windows kuwa tana ɗaukar sa a matsayin agogon gida. Tun da agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da GMT da awa ɗaya, wanda ya dawo Windows daga Linux zai iya tarar da agogonsa ya yi baya da awa guda. Ana gyara wannan ta hanyar umartar ɗayarsu ta bi lissafin ɗayar.

Kammalawa

Saka Linux kusa da Windows aiki ne da ba ya cin yini guda. Amma kafin ɗalibi ya taɓa faifansa, ya tambayi kansa: idan komai ya shafe yau, ina kwafin kundina yake? Idan babu amsa, to aikin ya dakata tukuna.