Ruwa ba ya tsami banza: abin da ke kashe kwamfuta a Madawa, Buza da Keita

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, kwamfutar tafi-da-gidanka ta daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa, ta shiga sahun kayan aiki. Da ita ake shigar da alƙaluman gidajen likita a cikin DHIS2, manhajar nan da jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta ƙirƙiro, wadda ma'aikatar kiwon lafiya ta Nijar ke tattara bayananta da ita. Da ita ake buga takardu a ma'aikatun magajin gari, da ita kuma malaman makaranta ke lissafin sakamakon ɗalibai. Sai dai kukan masu aiki da ita kusan iri ɗaya ne ko'ina: ana tsakiyar aiki sai ta sandare, ko allonta ya rikiɗe ya koma shuɗi, ko kuwa ta mutu ɗif ba sallama, gobe ma ta sake.

In abin ya ishi mai ita, sai ya kai wa mai gyara, shi kuwa sau da yawa maganinsa guda ne: abin da ake kira formataj, wato a share duk abin da ke ciki a zuba sabon Windows. Rahoton wata uku ya tafi, hotuna da takardu sun bi shi, bayan kwanaki kaɗan ciwon ya komo, domin ba a taɓa tushensa ba. Alhali kuwa kwamfuta ba ta mutuwa haka kawai, kuma a wannan yanki dalilan nata sanannu ne. Abin da ake bukata shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai arha kafin mai tsada.

A fara da ceton aiki

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwafe muhimman takardu zuwa wani faifai na waje, a ajiye shi dabam da jakar kwamfutar. Na'ura ana sayen wata, amma lissafin da ya ɓace sai an sake shi da hannu, in ma takardun asali suna nan.

Bayan haka sai a ɗauki littafi a riƙa rubuta kowace mutuwa: ƙarfe nawa ta faru, wane aiki ake yi, da wuta ake aiki ko da batir. In shuɗin allo ne, akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe a ƙasansa, a ɗauki hotonsu da salula, su ne sunan ciwon. A Windows 11 kamfanin Microsoft ya mayar da wannan allo baƙi a shekarar 2025, amma kalmomin suna nan. Shi kansa Windows yana riƙe da nasa tarihin a wurin da ake kira Moniteur de fiabilité a na'urorin da ke aiki da Faransanci, da kuma Observateur d'événements, inda lamba 41 ta Kernel-Power ke nuna cewa na'urar ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba. Mako guda na irin wannan rubutu yakan nuna inda ya kamata a duba.

Zafi da ƙura

Akasarin masu ƙera waɗannan na'urori sun tsara su ne domin aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A ƙasar Adar kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana na haura digiri 40 a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, in zafinta ya doshi digiri 100, takan rage gudu da kanta, in hakan bai isa ba ta kashe na'urar don kar ta ƙone. Saboda haka kwamfutar da ke aiki lafiya da safe, ta fara nauyi da hantsi, ta mutu da azahar, ta riga ta faɗi ciwonta.

Ƙura ce ke ƙara tsananta lamarin. Mutanen yankin sun san ƙarfin iskarsu: saboda ita aka soma dasa layukan bedi a kwarin Maggiya na ƙasar Buza tun 1975 tare da ƙungiyar CARE, kuma zaizayar ƙasa ce ta kawo babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO. Ƙurar da hunturu ke kwasowa, ita ce ƴar fankar da ke cikin kwamfuta ke zuƙa kullum, har ta dunƙule kamar auduga ta toshe ƙofar da iska mai zafi ke fita. Alamarta ita ce fanka mai kuka ba hutawa da gindin na'ura mai ƙona hannu.

Maganin ba shi da tsada. Kada a ɗora ta bisa katifa, darduma ko cinya. A sa ta bisa tebur, a ɗan ɗaga bayanta iska ta ratsa. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko bayan magariba. A ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kama, a kai ta wurin wanda ya iya buɗewa ya share fankar, ya kuma sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye mata zafi, domin yana bushewa da daɗewa.

Wuta da batir

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a tsakiyar ƙasa tana da doguwar tafiya: babban layin ya taso daga Katsina, ya biyo ta Gazawa da Maraɗi har Malbaza, inda aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a 2018. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, sakamakon takunkumin CEDEAO. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. A ƙauyuka da yawa kuwa dogaron yana kan injin gurup ko faifan hasken rana, waɗanda wutarsu kan hau ta sauka.

A ƙa'ida batir ne ke kare kwamfutar tafi-da-gidanka daga wannan hawa da sauka. Amma yawancin na'urorin da ke hannun jama'a na gwanjo ne, sun iso da batir da ya riga ya gaji, zafi kuma ya ƙarasa shi. Na'urar da batirinta ya mutu, duk ɗaukewar wuta faɗuwa ce a gare ta, kuma kowace faɗuwa na iya lalata takardar da ake rubutawa ko wani sashe na Windows. Batirin da ya kumbura har ya ɗaga madannai, a cire shi ba tare da jinkiri ba, yana iya kama wuta.

A duba abin caji ma. Na asali yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ya mayar da ita wajen 19 ko 20 da yawancin na'urori ke bukata. Na jabu, ko na aro wanda ƙarfinsa bai kai ba, yakan gaza daidai lokacin da aiki ya yi nauyi. Gwajin mai sauƙi ne: in tana mutuwa a kan wuta amma ba ta mutuwa a kan batir, ko akasin haka, an gano mai laifi.

Faifai, ma'ajiya da manhaja

In an wanke zafi da wuta daga zargi, sai a koma ciki. Tsohon faifan ajiya yana juyawa sau 5400 a minti guda, ga allura tana shawagi a kansa. Girgizar babur a kan hanyoyin duwatsu na Buza da Keita ba ta yi masa daɗi, musamman in an rufe na'urar ba a kashe ta ba. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyarsa, kuma sauya shi da faifan SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, yana kawar da wannan matsala. Ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM ita ma girgiza na iya sassauta ta: a cire, a share, a mayar, sannan a gwada ta da Diagnostic de mémoire Windows.

Daga nan ne ake zuwa kan manhaja. In mutuwar ta fara ne bayan an saka wani sabon abu, a cire shi a gani. Umarnin sfc /scannow yana gyara sassan Windows da suka lalace ba tare da an share komai ba. A yi hattara da kile USB da ke yawo daga buro zuwa buro, shi ne jakadan ƙwayar cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar inuwarsu. Kwafin Windows na sata da tsofaffin da aka daina kulawa da su, ƙofa ce buɗe: Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 7 a watan Janairu na 2020, daga Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025. Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga kuskuren manhaja ba, domin ranar 19 ga Yuli 2024 wani gyara maras kyau na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da na'urori wajen miliyan 8 da rabi a duniya, har jiragen sama suka kasa tashi. Formataj yana da ranarsa, amma shi ne mataki na ƙarshe, bayan an kwafe komai.

Akwai kuma nauyi a wuyan hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba kwamfutoci ga ma'aikatansu a waɗannan gundumomi. Kyautar na'ura ba ta cika ba sai an haɗa da batirin canji, na'urar daidaita wuta, faifan ajiya na waje da horon kwana ɗaya ko biyu kan kulawa da ita. Ma'aikacin Keita ko Buza da ya bar aikinsa ya nufi Tawa, Ƙonni ko Maraɗi neman mai gyara, ya yi asarar kwana da kuɗin mota saboda ƙurar da za a iya sharewa a cikin minti talatin. Ba a fafe gora ranar tafiya: watan Fabrairu ne lokacin shirya wa bazara, ba ranar da ake jiran rahoto a Tawa ba.